Karatun Ɗa da Karatun Bawa: Tarihin Fannoni Bakwai na Makarantun Kiristocin Dauri

 

Kai da ka sa yaro a makarantar boko, ko lakwal kamar yadda ake cewa a Nijar, ka haƙura da mai bin maka shanu ko mai tsare maka rumfa har shekara shida ko goma sha biyu, ba mamaki wata rana ka tambayi kanka: wai me ake koya masa a can, kuma don me? In don aikin albashi ne, ga masu takarda nan da yawa suna zaman jira. To, wannan tambaya ta girmi boko. An yi ta a Girka, an yi ta a Rum, sannan malaman Kirista na dauri suka shafe fiye da shekara dubu suna juya ta. A kan amsar da suka bayar aka gina jami'o'in Turai na farko, kuma daga zuriyar waɗannan jami'o'i bokon da ya iso mu ya fito. Yau sawun wannan amsa za mu bi.

Asalin sunan

A Girka da Rum na wancan zamani, mutane kashi biyu ne, 'ya'ya da bayi. Bawa aiki ake koya masa don ubangidansa ya mora. Ɗa kuwa shi zai zauna a majalisar gari, ya tsaya gaban alƙali, ya sa baki a shawarar yaƙi ko sulhu. Saboda haka dole a ba shi karatun da zai iya auna magana da kansa, kada a riƙa jan sa kamar raƙumi da akala. A Latin, harshen Rumawa, “liber” ake ce wa ɗa, kuma daga nan karatun ya samo sunansa, wato fannonin da suka dace da ɗa. Mu a nan sai mu ce masa ilimin 'ya'ya.

Aflatun, masanin nan da ya buɗe makaranta a birnin Atina wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ganin ran mutum da idonsa aka halicce shi, aikin malami kawai ya juya shi daga duhu ya fuskanci haske. Abin juyawar, a wurinsa, shi ne lissafi da awo da ilimin taurari. Rumawa kuma, irin su Sisaro, suka fi ba da ƙarfi ga iya magana, da sharaɗin mai maganar ya zama mutumin kirki.

Sai dai akwai wani tabo tun daga tushe. Waɗannan mutane sun raina aikin hannu. Sisaro ya yabi noma, amma ƙaramin ciniki irin na saro nan ka sayar can, ya ɗauke shi aikin ƙasƙanci. Riƙe wannan, malam ɗan kasuwa, za mu dawo kansa.

A karɓa ko a ƙi?

Da Kiristanci ya bazu a daular Rum, sai iyaye suka shiga tsaka mai wuya. Makarantun da ke akwai duk da littattafan masu bautar gumaka ake karantarwa, cike da labaran alloli masu aure da kishi da faɗa. A tura yaro, a ji tsoron imaninsa. A hana shi, ya tashi bai iya kare kansa gaban hukuma ba. Duk wanda ya ji labarin yadda kakanninmu suka yi da boko lokacin zuwansa, ya san irin wannan fargaba.

Wajen shekara ta 200, wani malami mai zafi, Tartuliyan, mutumin Kartaj da ke kusa da birnin Tunis na yau, ya nuna cewa babu abin da ya haɗa falsafar Atina da imanin da ya fito daga Ƙudus. Amma ba ra'ayinsa ne ya yi rinjaye ba. A shekara ta 362, Sarkin Rum Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma addinin gumaka, ya kafa dokar hana Kiristoci karantar da littattafan Girkawa. Maimakon su ce an rage musu kaya, sai manyan malamansu suka fusata, suka ɗauki abin a matsayin ƙwace. A zamanin nan ne Basil, bishof na Kaisariya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya shawarci matasa su yi koyi da zuma: ba kowace fure take sauka a kai ba, wadda ta sauka a kanta ma, abin amfani kaɗai take ɗauka.

Mutumin Aljeriya da ya tsara amsar

Wanda ya zauna ya jera hujjojin sosai ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagasta, garin da yau ake kira Suƙ Ahras a gabashin Aljeriya. Ubansa ba wani attajiri ba ne. Yana ɗan shekara 16 kuɗin makaranta suka yanke, ya yi shekara guda a gida yana gararamba, sai da wani mai hali na garinsu ya taimaka sannan ya wuce Kartaj. Ya ƙware a magana har ya zama malamin balaga a Kartaj, da Rum, da Milan. Daga baya da ya waiwayi wannan aiki, ya kwatanta kansa da mai tallar magana, domin yana koya wa samari yadda za su ci gardama ko da gaskiya ko babu. Ya ajiye aikin, aka yi masa baftisma a 387, ya koma gida ya zama bishof na Hifo, wato Annaba ta yau, inda ya rasu a 430.

Abu uku ya kafa. Na farko, gaskiya duk inda aka same ta ta Allah ce. Biyu da uku biyar ne ko a bakin wa ka ji, kuma mai bautar gunki da ya gano haka, tono ya yi, ba shi ya halitta ba. Ya buga misali da Bani Isra'ila lokacin fitarsu daga Masar: sun tafi da zinariya da azurfar Misirawa, sun bar musu gumakansu.

Na biyu, shi kansa Littafi Mai Tsarki ba ya fahimtuwa ga wanda bai san harshe ba, bai san lissafi ba, bai san halin dabbobi da tsirrai ba, tun da misalansa cike suke da su. Kuma yana ganin wauta ce a bar wa maƙaryata iya magana, mai gaskiya ya tashi yana in-ina har jama'a su yi gyangyaɗi.

Na uku shi ne zuciyar batun. Agustin ya raba abubuwa kashi biyu: wanda ake amfani da shi don a isa wani wuri, da wanda shi ne wurin isar. Ya kawo misalin matafiyi mai komawa gida, wanda daɗin hanya da abin hawa suka ɗauke wa hankali har ya manta da gidan. A yaren fatake, wannan shi ne falken da ya mai da zango gari. Ilimi, a wurinsa, abin hawa ne, Allah shi ne masauƙi. Saboda haka ya fassara halin kirki da cewa shi ne mutum ya jera abin da yake so bisa darajarsa, kada ya so kuɗi fiye da mutum, ko suna fiye da gaskiya. In yaro ya fito makaranta da kaifin baki amma jerin nan a hargitse yake a zuciyarsa, an wasa wuƙa ne an miƙa wa wanda bai san abin yanka ba.

Kuyangi bakwai

To, waɗanne ne fannonin? Wanda ya tsayar da su a bakwai shi ma ɗan Arewacin Afirka ne, Marshiyanus Kafela, a ƙarni na 5, kuma ba Kirista ba ne. Ya rubuta littafinsa kamar labarin biki. Ango shi ne Iya Magana, amarya Son Ilimi, aka kawo wa amarya kuyangi bakwai, kowace ta fito ta bayyana sana'arta. Makarantun Kirista sun yi ɗaruruwan shekaru suna karanta wannan littafi.

Uku na farko na harshe ne, daga baya aka yi musu laƙabi da mahaɗar hanya uku. Nahawu ta fito a siffar tsohuwa riƙe da wuƙa da magagari na gyara bakin yara. Kada ka raina ta. Tsakanin “an saya masa” da “an sayar masa” harafi guda ne, amma a takardar ciniki wannan harafi shi ke nuna wa ya ba da kuɗi, wa ya karɓa.

Mandiƙi ta fito da maciji a hannu ɗaya, ƙugiya a ɓoye a ɗayan. Aikinta gane inda hujja ta yi rami. Mai saye ya ce maka: duk saniya mai ciwon huhu tana tari, taka tana tari, ashe ciwon huhu gare ta, rage kuɗi. Maganar kamar ta zauna, amma ba ta zauna ba, don ƙurar hanya ma tana sa tari. Kai ka san haka da gogewa. Mandiƙi tana ba wa irin wannan zamba suna, yadda yaro zai gane ta ko a kasuwa, ko a bakin ɗan siyasa, ko a wayar hannu.

Balaga ita ce ta uku, wato tsara magana yadda za ta shiga. Wanda ya taɓa tsayawa gaban hakimi kan an toshe burtali, ga gaskiya a hannunsa amma baki ya ƙi, ya san kuɗinta.

Huɗun da suka rage na adadi ne, mahaɗar hanya huɗu. Akwai Lissafi. Akwai Awo, wadda Kafela ya ce takalmanta sun cinye saboda zagaya duniya. Akwai Falaki, ilimin tafiyar rana da wata da taurari. Makiyayin da ke duban Kaza da 'Ya'yanta don sanin inda shekara ta kai, ƙofar wannan fanni yake tsaye. Ta ƙarshe Kiɗa ce, amma ta fuskar lissafi. Ɗauki tsirkiyar gurmi ko ta garaya, ka danne ta daidai tsakiya ka kaɗa, za ka ji muryar farko ce ta dawo, sai dai ta haura sama. Biyu bisa ɗaya ke nan. Wannan ya burge mutanen dauri ƙwarai, don sun ga daɗin da kunne ke ji ashe adadi ne a ƙarƙashinsa. Malaman Kirista suka ce, in haka ne, duniya da ma'auni aka yi ta, kuma mai bin sawun ma'aunin zai kai ga tunanin Wanda ya auna.

A bikin nan, likitanci da gini sun halarta, amma ba a ba su damar magana ba, wai don harkarsu ta jiki ce da ƙasa. Tsohon rainin nan dai yana nan.

Lokacin da daula ta faɗi

A ƙarni na 5 daular Rum ta yamma ta wargaje, makarantun birane suka yi ta mutuwa. Mutum biyu a Italiya suka yi aikin ceto. Boyitiyus ya fassara littattafan mandiƙin Aristo daga Girkanci zuwa Latin, ya rubuta na lissafi da na kiɗa, kafin Sarki Tiyodorik ya tsare shi ya sa a kashe shi wajen 524. Kasiyodoras, wanda shi ma babban ma'aikacin fada ne, ya so kafa makarantar Kirista a birnin Rum, yaƙi ya hana. Sai ya koma gonarsu a kudancin Italiya ya gina gidan zuhudu mai suna Bibariyum, ya sa 'yan zuhudu kwafar littattafai, na addini da na duniya duka. Ya tanadar musu fitilu da agogon rana da na ruwa. Wanda kansa bai ɗaukar karatu mai zurfi, ya ce ya kama noma da lambu, har ya nuna masa littattafan noma da kiwo da zai duba.

Kai makiyayi, ga inda hannunka ya shiga tarihin nan. A Turai ta lokacin babu takarda irin tamu, a kan fatar maraƙi da tunkiya da akuya ake rubutu. Akwai wani Littafi Mai Tsarki da aka rubuta a arewacin Ingila wajen shekara ta 700, yana nan har yau a birnin Fulorans na Italiya. Ganyensa ya haura 1,000, nauyinsa ya wuce kilo 30, kuma ya ci fatun maruƙa kimanin 500. Gidan zuhudun da ba shi da garke, ba shi da ɗakin karatu.

A shekara ta 789 Sarki Sharlaman, mai mulkin ƙasashen da yau suka haɗa da Faransa da Jamus, ya ba da umarnin a buɗe makarantu a koya wa yara Zabura, da waƙar ibada, da lissafin kwanakin idi, da nahawu. Abin da ya dame shi, littattafai sun cika da kurakuran masu kwafa, har mutane na roƙon Allah da kalmomin da ba su suke nufi ba. Babban malamin fadarsa, Alkwin mutumin Yok ta Ingila, ya kwatanta fannonin bakwai da ginshiƙai bakwai na gidan hikima da aka ambata a Karin Maganar Sulemanu. Wani bishof na zamanin, Tiyodulf na Orleyan, ya umarci limaman ƙauyuka su karantar da yara ba tare da neman lada ba, sai abin da iyaye suka bayar don ransu.

Akwai wani kundin wasa ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da Alkwin. Ga ɗaya daga ciki, ka gwada wa yara da dare. Mutum ne zai ƙetare kogi da kyarkeci da akuya da damin kabeji. Kwalekwalen ba ya ɗaukar sai shi da abu guda. In ya bar kyarkeci da akuya, an yi ɓarna. In ya bar akuya da kabeji, haka. Yaya zai yi? Amsa tana ƙarshe.

Ranar da aka buɗe wa ɗan kasuwa ƙofa

Yanzu mu koma kan tabon nan. Addinin da ya ce ɗa da bawa duk ɗaya suke a gaban Allah, kuma 'yan zuhudunsa suna noma da hannunsu, ba zai daɗe yana raina sana'a ba tare da ya ji kunya ba. A birnin Faris, wani malami mai suna Hugo na gidan zuhudun San Biktor, wanda ya rasu a 1141, ya jera wasu fannoni bakwai na aikin hannu ya sa su cikin sassan ilimi: saƙa, ƙira da gini, fatauci, noma, farauta da harkar abinci, likitanci, da wasanni. A ƙarƙashin noma ya lissafa ƙasar kiwo. Fatauci kuwa ya yabe shi da cewa yana sulhunta al'ummai, yana kwantar da yaƙi, yana mai da abin da ke hannun wasu ya amfani kowa. Daga Sisaro zuwa Hugo, sai da aka yi fiye da shekara 1,100.

A daidai wannan zamani ilimi ya riƙa kwararowa Turai daga ƙasashen Musulmi. A Tulaiɗila ta Andalus aka yi ta fassara littattafan falaki da likitanci da falsafa daga Larabci zuwa Latin. Wani yaro ɗan Fisa ta Italiya, Liyonardo, wanda ubansa ke aikin kwastan na fataken garinsu a tashar Bijaya ta Aljeriya, a can ya koyi alƙaluman da muke lissafi da su yau, ya rubuta littafi a kansu a 1202. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushdi, ya yarda da su a wani wuri ya saɓa musu a wani, bisa ƙa'idar cewa hankali da wahayi daga Allah ɗaya suke, ba za su yi karo na haƙiƙa ba. A jami'ar Faris, sai ɗalibi ya bi ta fannonin nan kafin ya wuce tauhidi, kuma dokar 1215 ta ce ba mai karantar da su sai ya yi shekara shida yana koyonsu.

Ko ka san reshen wannan itace ya iso zaurukanmu ta wata hanyar? Wani ɗan ƙaramin littafin share fagen mandiƙi da Boyitiyus ya fassara zuwa Latin, shi ne Larabawa suka sani da Isaguji. Shehu Abdurrahman al-Akhdari na Aljeriya, mai littafin Ahalari da almajirai ke karantawa, shi ne kuma ya wallafa Sullam a kan mandiƙi. Shehu Magili, wanda ya bi ta Ayar ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare halaccin mandiƙi a musayar da suka yi da Imam Suyuɗi, wanda ke ƙyamarsa. Malamanmu ma suna sa nahawu da balaga da mandiƙi a matsayin kayan aikin fahimtar Alƙur'ani da fiƙihu. Aƙida ta bambanta, amma kowane ɓangare ya yarda sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ya rage mana

Kada a ɗauka tsarin nan aljanna ne. Da Latin ake yin sa, harshen da talaka bai ji. Yawancin 'ya'yan manoma da makiyayan Turai ba su taɓa ganin ƙofarsa ba, mata kuwa sai 'yan kaɗan, galibi a gidajen zuhudu. Bulala ma ta yi aiki, Agustin da kansa bai manta dukan da ya sha ba. Da zamanin masana'antu ya zo, karatu ya karkata ga horar da ma'aikata. A 1947 wata marubuciyar Ingila, Doroti Seyas, ta yi jawabi a Okusfod tana kukan cewa ana koya wa yara darussa barkatai ba a koya musu yadda ake koyo ba. Daga shekarun 1980 wasu makarantun Kirista a Amurka suka farfaɗo da tsohon tsarin bisa shawararta.

Kai kuma da ba Latin za ka koya wa ɗanka ba, tarihin nan ya bar maka ma'aunin gwada kowace makaranta, ta boko ce ko ta allo. In ya dawo hutu, miƙa masa takardar duwan ko ta allurar shanu, ya karanta ya faɗa maka da Hausa ko Fulatanci abin da ta ce. Sa shi ya juya maka farashi daga sefa zuwa naira ya bayyana yadda ya yi. Kawo masa wata magana da ke yawo a waya, ka ji ko zai tambayi wa ya faɗa, da wace hujja. Sannan ka lura da yadda yake duban garke da rumfar da suka biya masa kuɗin makaranta. In ya iya ukun farko amma ya dawo yana ƙyamar warin turke, to, da sauran aiki, kuma wannan aikin ba na malamin makaranta ba ne shi kaɗai.

Ga amsar kacici-kacicin. Ya fara ƙetarar da akuya ya dawo. Ya kai kyarkeci, ya komo da akuya. Ya ajiye ta ya kai kabeji, ya bar shi wurin kyarkeci. Ya dawo ya ɗauki akuya. Ƙetarawa bakwai ke nan, ba a ci kowa ba.

Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Allah ya tsare hanya, ya albarkaci dukiya da zuriya. Mu kwana lafiya.